Ɗigo Biyu a Gonar Alkama

Zuwa ga Honorine, furen tuffata, man shanuna sabon kaɗi, hasken hantsi a kan kogi,

Na sani, na sani! Kin tsaya mini cikin alkamar babanki tun tashin coci har rana ta karkata, sanye da shuɗiyar rigarki ta fita kunya, ƙudaje na cin ƙafarki, ni kuwa ban da "kar ki motsa" ba abin da nake faɗa. Da na juyo miki da zanen, sai kika tarar da kanki ɗigo biyu na fenti, shuɗi da fari, ba ido ba hanci. Saniyar da na zana a gefe ma ta fi ki shan buroshi. Mahaifiyarki ta kai hancinta dab da ƙyallen ta ce, "To ina 'yar tawa? Ko ita ce wannan kashin tsuntsun?"

Amma yaya zan yi da rana, sanyin idona? Jiran wa take yi? Kafin in gama haɗa launin kumatunki gajimare ya gifta, gona ta koma ruwan toka. Kuma wa ya ce shinshina zane ake yi? Ja da baya ake yi har bakin ƙofa, a ɗan kanne ido. Daga can za ki ga duk gonar ke take kallo.

Yanzu wai Gaspard mai hoto ne zai kai ki rawar girbi. Gaspard! Mutumin da ke maƙale wa mutane ƙeya da ƙarfe don kar su motsa, ya fito da su kamar gawa ta ci ado? Hanci kam zai ba ki, na yarda. Iskar da ta ɗaga miki hula fa, a ina zai samo ta?

Tun ranar ban iya cin komai ba sai burodi da cuku da ɗan tsagin kaza. Ina kewarki, Honorine, wannan kam ba wasa a ciki.

Fentin bai bushe ba, har yanzu yana kama yatsa. Ki zo kafin ya bushe in yi miki fuska, ido biyu cif, har da gira. Abokaina na Paris za su ce na koma mai zanen kwalin sabulu, su faɗa. In kin ƙi zuwa, fuskar da na tuna zan zana, kuma kin san irin fuskar da kika nuna mini ta ƙarshe. Da ita jikokinmu za su san ki.

Naki har hannuna ya kasa riƙe buroshi,
Firmin