Izinin Ɗaukar Hoto a Kara

Dogo Nini, Potiskum

Falmata ƙawata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya Kaduna, ya aiki, ya maigidan da 'yar tawa Ummul-Khair? Na zaɓi in rubuto ne, don in na kira ki surutunki ba zai bar ni in kai ƙarshen labarin ba.

Kamfanin yogot ɗin nan da kika haɗa ni da su sun ba ni aikin! Talla suke so wadda za ta nuna shanu da makiyaya da mata masu kawo nono, da karar Potiskum, wato kasuwar shanu, ranar da ta cika maƙil. Falmata, tun da muka gama makaranta nake bin gidajen biki ina ɗaukar amare suna kuka, yau ga aikin da zan sa sunana a kai. Bashir, abokin aikina, shi zai riƙe kyamara. Babba muka yo haya daga Kano.

Na kuma samu mutumin da nake nema. Bobbo sunansa, dattijon Bafillace ne da ya bar daji ya zauna a gari yana fataucin shanu. In ya tsaya cikin jajayen shanunsa ya yi kira, duk sai su ɗaga kai. Ya ce mini, "Yarinya, ɗauki. Amma shanun za ki ɗauka da kyau, ni na tsufa."

Sai dai an ɗan samu cikas. Muna kafa kyamara a bakin kara sai ga wasu mutane suka ce, "Hajiya, ina takardarku?" Wai kara filin hukuma ne, duk hoton da za a yi kasuwanci da shi sai da izinin ƙaramar hukuma. Muka naɗe kayanmu. Ban damu ba, Baffa Yunusa ƙanin babanmu a ofishin yake aiki.

Ki gaida kowa.

Taki,
Ummukulthum

*

Dogo Nini, Potiskum

Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Allah Ya ƙara girma.

Da na zo gida ka ce maganar aiki ba a tsakar gida ake yin ta ba, in rubuto kamar kowa. Ga shi na rubuto. Ina neman izinin ɗaukar hoton talla a kasuwar shanu, yini biyu na kasuwa kawai. Mu huɗu ne, ba za mu tare hanya ba, ba za mu taɓa dabbar kowa ba. Kamfanin yana son aikin kafin damina ta sauka, don da ruwa ya zuba kara taɓo take zama, shanun kuma su ragu.

Ina roƙon Baffa ya sanar da ni abin da ake buƙata. Allah Ya bar mana kai.

'Yarka,
Ummukulthum

*

Sakateriya, Potiskum

Ummukulthum,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Alhamdu lillahi. Takardarki ta iso, an kuma shigar da ita.

Ga yadda ƙa'idar take. Za ki kawo amincewar shugabannin kara a rubuce. Za ki kawo ta jami'an tsaro. Duk wanda fuskarsa za ta fito a hoton sai ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala. Ba a ɗaukar wurin da ake ciniki, ba a ɗaukar ƙofofin shiga, ba a tashin jirgin nan maras matuƙi. In waɗannan sun cika, kwamiti zai zauna ya duba.

Ba zan ɓoye miki ba, shugaban kwamitin ya yi ritaya, har yanzu ba a naɗa wani ba, kuma ba a zama sai da shugaba. Ni sakatare ne kawai. Kasancewarki 'yar ɗan'uwana ba zai gaggauta komai ba, hasali ma zai sa a zuba mini ido.

Ki yi haƙuri ki bi matakan. Ki gaida mahaifiyarki.

Baffanki,
Yunusa

*

Dogo Nini, Potiskum

Falmata,

Ina gaisuwa. Yi haƙuri da shiruna, ƙafafuna ne suka gaji har hannun ma ya ƙi rubutu.

Na je wajen shugabannin kara. Sun karɓe ni da mutunci, har ruwa aka kawo mini. Babbansu ya ce, "'Yata, ba mu ƙi ba. Kawo ta hukuma mu gani, sai mu ba ki tamu." Na je wajen jami'an tsaro, suka ce in kawo ta shugabannin kara. Na koma sakateriya, aka ce ba a duba tawa sai waɗancan biyun sun zo. Na sake zagayowa tun daga farko ko wani zai ji tausayina, kowa ya maimaita mini maganarsa, cikin fara'a kuma. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Batun sa hannu kuwa, ki duba mini. Kara ce fa, mutane daga Gaidam, daga Nijar, daga kudu. Wa zan bi? Na tari wani mahauci na yi masa bayani, ya ce, "Ni in dangwala a takardar da ban san me ta ce ba? Allah Ya kiyaye." Ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ina tsaye a wurin samari na ta ɗaukar shanu da wayoyinsu suna sakawa a intanet, ba mai ce musu uffan. Na tambaya, aka ce su ba kasuwanci suke yi ba.

Mai kyamara na Kano ya fara kira. Bobbo ya ƙi sayar da manyan bijimansa guda biyu saboda ni, ga dusa ta yi tsada. Jiya hadari ya taso ta gabas, bai dai zuba ba tukuna. Bashir ya ce ya san wani direban tirela, daga saman motarsa ana ganin kara gaba ɗaya. Na ce a'a. Ban san ko har yaushe zan iya cewa a'a ba.

Taki,
Ummu

*

Kaduna

Ummu,

Wushe, sannu, ya haƙuri? Muna lafiya, Ummul-Khair na gaida ki.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Manajan tallan ya shigo wurin da nake haɗa hoto yana tambaya ko ƙawar tawa da gaske take. Na ce masa da gaske kike, na rantse masa. Amma mutanen nan ba su san wani abu kwamiti ba, hoto suke so.

Ki bar Bashir ya hau motar. Ya ɗauko daga nesa, inda ba a gane fuska, sauran ku ƙarasa a garken Bobbo. Kowa haka yake yi. Ke ce kika cika bin ƙa'ida tun muna makaranta, me ta tsinana miki?

Sai na ji ki.

Falmata

*

Dogo Nini, Potiskum

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, duk da na san labari ya riga takardata isa.

Ranar kasuwar da ta wuce Bashir ya hau saman tirela da kyamara, da sanina. Bai jima ba wani ya hango shi ya yi ihu. Kafin ya sauko mutane sun kewaye motar, wasu na cewa ɗan leƙen asiri ne. Suka jawo shi ƙasa. Baffa, da Bobbo bai kutsa ya kwanta a kansa yana cewa ya san shi ba, da yanzu wata maganar ake yi. Yana asibiti, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Gilashin kyamara ya fashe, memorin da hotunan ke ciki kuma an kai ofishinku.

Ban zo kare kaina ba. Amma shanu kawai ya ɗauka, daga nesa, za ku gani in kun buɗe. Ina roƙonka don zumuncin da ke tsakaninka da marigayi babanmu a mayar mini da memorin. In na tura wa kamfanin abin da ke ciki, ƙila su ƙara mini lokaci. Ban da wannan ba ni da abin da zan nuna.

Allah Ya huci zuciyarka.

'Yarka,
Ummukulthum

*

Sakateriya, Potiskum

Ummukulthum,

Wa alaikumus salam. Na je asibiti na duba Bashir. Allah Ya ba shi lafiya.

Ba za a mayar da memorin ba. An goge shi a gaban shugabannin kara, don su suka nema, kuma ƙa'ida ta ba su dama. Takardarki ma an soke ta, saboda wanda ya ɗauka ba izini ba a sake duba buƙatarsa sai wata shekara.

Kin ambaci yayana, don haka zan gaya miki abin da ba na faɗa a ofis. Ƙila kin tuna Ɗantala, wanda yake kawo mana nama da sallah kina ƙarama. Tare muka tashi da shi. Wasu baƙi sun taɓa zuwa kara da kyamara, suka ɗauke shi hoto ranar da ya sayar da garke guda, yana dariya, ana ta miƙa masa hannu. Hoton ya yi kyau, ya yawata ko'ina, har da sunansa da na ƙauyensu. Ba a daɗe ba aka tare shi a hanyar gida. Har yau ba a ga gawarsa ba, matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ba. Ko hoton ne ya jawo, Allah Ya sani. Amma mutanen kara sun yi imani shi ne. Waɗanda suka jawo Bashir ƙasa, akwai ƙannen Ɗantala a cikinsu.

Bayan wannan ne aka ce a tsara ƙa'ida, ni aka ba alƙalami. Na san ba ta hana masu waya ba. Na san tun da aka kafa ta ba wanda ya bi ta har ƙarshe ya samu izini. Na rubuta sama a kan haka, na kuma rubuta a kan naɗin shugaba, amsa ɗaya ce: ana dubawa. Ni ma ritayata ta kusa, ba na sa ran ganin gyaran.

Ba ni da abin da zan iya yi miki. Ki yi haƙuri.

Baffanki,
Yunusa

*

Kaduna

Ummu,

Ina gaisuwa, ya jikin Bashir? Tun da na ji ban samu sukuni ba. Ni na ce ya hau.

Gara ki ji daga bakina. Kamfanin ya ba wasu aikin. Sun je wata gonar kiwo ta wani mai kuɗi a bayan Kaduna, filinsa ne, ba mai tambayar su takarda. Suka tara shanu a kusurwa guda don su yi kamar da yawa, suka sa wa wani ɗan wasan kwaikwayo malfa da sanda, suka kawo 'yan mata suka ɗora musu ƙwarya. Yini ɗaya suka gama.

Teburina aka kawo hoton, Ummu. Ni nake haɗa shi. Manajan ya ce in rubuta "Potiskum" a ƙasa, saboda sunan yana da kwarjini a harkar shanu. Na ce masa ba nan ba ne, ko shanun ma ba irin na can ba ne. Ya ce wa zai sani? Na rubuta.

Akwai kujera a wurinmu, ɗaya daga cikin masu haɗa hoto ya tafi Abuja. Na yi wa ogana maganarki. Ba aikin da kike so ba ne, zama ne a ɗaki gaban kwamfuta kina gyara abin da wasu suka ɗauka. Amma za ki samu abin sallamar mai kyamara, ki taimaka da maganin Bashir. Ɗakin baƙinmu na nan.

Ki yafe mini.

Falmata

*

Dogo Nini, Potiskum

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na karanta takardarka. Allah Ya bayyana Ɗantala, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ban riƙe ka da komai ba.

Jibi zan tafi Kaduna, na samu aiki. Inna ta yarda, amma ka riƙa leƙa ta. Likita ya ce hannun Bashir zai haɗe, sai dai ba zai ƙara ɗaukar abu mai nauyi ba. Wata shekarar kada ka sa ran takardata.

Ruwa ya sauka, kara ta zama taɓo. Na je yi wa Bobbo sallama, na tarar ana loda bijiman nan biyu a mota za a kai kudu. Sun rame. Ya ce kar in damu, akwai maruƙa a garke, nan da shekara uku za su fi waɗannan kyau. Ya ce in na dawo ban same shi ba, in nemi 'ya'yansa, ya riga ya gaya musu.

Na ce masa to.

Allah Ya ƙara girma.

'Yarka,
Ummukulthum