Na Koyi Yi wa Umma Allura

Zuwa ga Yayana abin alfaharin gidanmu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yaran duka. Allah ya ƙara maka ɗaukaka a aikinka na likita, ya sa marasa lafiyar da kake dubawa a can su dinga tashi a hannunka. Mu a nan muna lafiya daidai gwargwado. Gwaggo tana fama da ƙafarta kamar kullum, Auta ta sauka lafiya an samu mace, ni kuma ina nan bakin keken ɗinkina inda ka bar ni shekara tara da suka wuce. Kayan da ka aiko sun iso: kwalaben maganin suga, da allurai, da na'urar gwajin jini. Mun gode, Allah ya saka.

Na zaɓi in rubuta maka ne saboda a waya ba ka bari mutum ya kai aya. Ranar da likitanmu na nan ya ce ƙwaya ta daina yi wa Umma aiki, sai allura safe da yamma, na kira ka na ce maka ina jin tsoro. Ka yi dariya, ka ce ai abu ne mai sauƙi, ko yaro zai iya, kuma ni da nake ci da sha da allura me zai ba ni tsoro. Haba Yaya! Kai ne fa ka laƙaba mini Farar Kura tun muna yara, ranar da na suma a layin rigakafi ka goyo ni zuwa gida kana tsokanata. Huda yadi daban, huda naman uwar da ta haife ka daban. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ka daɗe da barin ɗakin.

Ga abin da ban gaya maka ba. Kwana biyar na farko ban yi wa Umma allura ba ko sau ɗaya, ina dai zaton ina yi. Sai in ɗaga mata riga, in rufe idona gam, in kwantar da allurar a karkace yadda nake yi in zan kalmashe bakin zane da hannu, in tura maganin. Ashe fata kawai nake kartawa, maganin yana gangarowa a cikinta, ni kuma in sa auduga in goge ina cewa an gama. Na'urar gwajin kuwa ban ma buɗe kwalinta ba, don ita ma sai an huda yatsa. Umma tana jin sanyin ruwan yana bin jikinta, ta san bai shiga ba, amma ta yi shiru. Daga baya ta ce mini ta ga yadda nake jin tsoro ne, ba ta so ta ƙara mini nauyi. Ka ji uwa. A rana ta shida da hantsi na fito daga ɗakin ɗinki na tarar da ita a zube bakin famfo, buta a kife, ba ta san wanda yake kanta ba.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Na kira ka sau bakwai, matarka ta ce kana ɗakin tiyata. Da ka kira daga baya, tambayarka ta farko ita ce ko an bar maganin a waje da firij ya lalace, na ce a'a, ka ce to lallai abinci ne ba a kula da shi. Ban iya gaya maka gaskiya ba, wallahi kunya da haushi suka hana ni. Wata dattijuwar nas mai gajeren haƙuri ce ta gano ni. Ta ce in nuna mata yadda nake yi, da ta gani sai ta riƙe baki, ta ce ni ɗinki na zo yi wa tsohuwa ko magani. Ta aike ni na sayo lemo, ta zaunar da ni a benci, ta ce allura a tsaye take shiga, ido a buɗe, a tattaro fata da yatsa biyu, a ƙirga goma kafin a zare. Lemo goma sha ɗaya na huda har suka koma kamar rariya. Sannan ta miƙo mini sabuwar allura marar magani, ta ce in soka wa cinyata, don wanda bai san zafin abu ba ba ya daina tsoronsa. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya a gaban mutane, na soka. Ko cizon sauro ya fi shi zafi, Yaya. Saboda wannan ɗan abin na kusa kashe uwarmu.

Yau wata biyu ke nan ina yi mata safe da yamma, hannuna ko gezau. Sai dai idonta na hagu bai dawo daidai ba tun faɗuwar nan, likita ya ce na dama ma yana bin sahu a hankali. Wannan kayan ni zan ɗauke shi har kabarina, ban ce ka taya ni ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne: ka zo ta gan ka tun tana iya gani. Kada ka aiko da wani kwali, kai muke so. Na san za ka ce aiki, na san za ka ce takardun tafiya, amma ni ina ganin tsoro kake ji ka zo ka tarar da ta tsufa. In haka ne, Farar Kura tana gaya maka a buɗe ido ake yi.

Gwaggo tana gaishe ka, Auta da mijinta suna gaisuwa, Kawu mai gyaran rediyo ya ce a tuna maka yana raye. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yaran da ban taɓa gani ba. Umma kuwa ta sa na yi mata alkawarin rubuta saƙonta yadda ta faɗa. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta gaya masa ɗanta likita ne yake mata magani daga can. Ta ce in gaya maka Allah ya yi maka albarka, allurarka ba ta da zafi ko kaɗan.

Na rubuta, na cika alkawari.

Ƙanwarka,
Farar Kura