Ciyawar bakin rafi

Alhamis da dare, Bomo

Yau malamin gona ya zo duba ciyawar jema da na dasa a bakin rafi, wurin da gwamnati ta ce za ta biya mu in mun bar shi ba noma. Ya yaba, amma ya ce, "Mama, kuɗin sai bayan girbi." Raina ya ɓaci, don takina ya ƙare.

Ruwan jiya ya kwashe masarar Yaya Bitrus, tawa kuwa ko kunya ɗaya ba ta zaizaye ba, don jemar ta riƙe ƙasa. Da magariba sai ga shi, shi da ke mini dariya wai ina noman ciyawa. Ya ce, "Saratu, ko za ki sam mini saiwar jemar in dasa?" Na so in rama, amma yaransa na tuna. Na ce ya zo da fartanya da sassafe.