Ƙeya Ko Numfashi

Talata, bayan Isha'i, Kurfi.

Na fito daga wankan jego na tarar Goggo, yayar Baba, ta kifa min jaririyata a kan filo, hancinta ya nutse, ga bargo har ka. Na sure ta, ta yi jawur tana haki.

Wai don kada ƙeyarta ta baje! "Haka muka raine ku, me ya same ku?"

Na ce, "Goggo, malamar asibiti a Dutsin-Ma cewa ta yi a kwantar da ita rigingine, babu filo, babu lulluɓe fuska."

Wai boko ya cire min kunya. Na ji, ya cire. Ƙeya dai ɗankwali zai rufe ta. Numfashi fa, wa zai ara mata?