Kafaɗar da na zame a filin Bukuru

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ka rufe sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canja su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zance, tsoho ne, shekaruna sun doshi casa'in, kwana huɗu na yi ina danna wannan rubutu da yatsa ɗaya. Na daɗe a gurup ɗin nan ina karanta rigingimunku na aure da na 'yan haya ban taɓa tofawa ba, yau dai abin ya zo kaina.

Na zo Jos ina saurayi, 'yan shekaru kafin a ba mu 'yancin kai, na kama aikin lebura a wani kamfanin haƙar kuza. A ƙauyenmu ni ɗan kokawa ne, kuma ba yabon kai ba, bayana bai saba da ƙasa ba. Wata Lahadi ana kokawa a barikin leburori, oganmu Bature ya tsaya ya ga na ka da mutum uku a jere, washegari ya sa aka kira ni. Ashe suna da kulob na wannan ƙwallon da yanzu kuke ce wa zari-ruga, mu a lokacin ƙwallon ƙwai muke ce mata saboda siffarta. Turawan ba sa cika mutum sha biyar ɗin da wasan ke buƙata, kullum wani ya tafi hutu gida wani zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ya sa suke cikewa da irinmu. Ba a biyan kowa, sai dai a ba ka riga mai ratsi da takalmin da wani ya gaji da shi, in an tashi su shiga ciki su sha abinsu, mu a miƙo mana shayi ta taga. Duk da haka daɗinta muke ji ƙwarai.

A wasan akwai wurin da mutum takwas ke sunkuyawa su kama juna, su haɗa kai da takwas na wancan ɓangaren a yi ta turi, a jefa ƙwallo a tsakiya. A sahun gaba mutum uku ne. Na tsakiya yana rataya hannuwansa biyu a kafaɗun na dama da na hagu, da ƙafa kawai yake janyo ƙwallo, don haka ba shi da hannun da zai kare kansa in an faɗi. Ni ne na hagu. Na tsakiyarmu Sule ne, makanike a garejin kamfani, gajere mai bakin tsiya, ɗakinmu ɗaya kwanonmu ɗaya. Abu ɗaya oga yake maimaita mini da Hausarsa ta dole a duk firaktis, ko za a murƙushe ka kada ka sauka ƙasa, wuyan abokinka yana kanka. Na ji, na kuma gane, ba zan ce ban sani ba.

Da damina ake gasar, don da rani ƙasar nan tamkar dutse take. A wannan shekarar, mu da 'yan Bukuru ne a sama, kuma mu za mu je musu. Kun dai san Jos da Bukuru, ko tseren jaki aka yi sai an yi shekara ana gori. Muka taru a Terminus muka hau bayan motar kamfani, Sule yana ta waƙar zambo har muka isa. An yi ruwa da safe, filin duk taɓo. Wanda ya fuskance ni wani Bayarabe ne direba, Lasisi, ƙato ne na gaske. Tun turin farko na san ya fi ni, ya riƙa mayar da ni baya kamar buhun dusa, duk lokacin da muka miƙe sai ya yi dariya ya ce, “Ɗan kokawa, ina ƙarfin naka ya tafi?” 'Yan kallonsu suka ɗauka suna ta rerawa.

A kokawa akwai abin da muke yi wa wanda ya fi mu nauyi. Ka bari ya zuba maka ƙarfinsa duka, sai ka zame kafaɗa ka durƙusa, nauyinsa ya kai shi ƙasa da fuska. Bayan hutun rabin lokaci aka sake haɗa mu kusa da layinmu, Lasisi ya danno, ni kuma na yi masa wannan dabarar. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina jikina ne ya yi ba ni ba, amma gaskiya so na yi in ga hancinsa a taɓo a gaban mutanensa. Ya faɗi kuwa. Sai dai hannun Sule yana kafaɗar da na zame, ya bi ni ƙasa da ka, sauran mutum sha huɗu suka rufto a kansa. Kowa ya tashi ban da shi. Idonsa a buɗe, yana cewa a cire masa takalmi ya matse shi, alhali an riga an cire.

Lasisi aka tarar kwance a kansa, don haka babu wanda ya tsaya bincike. Alƙalin wasa ya kore shi daga fili, 'yan Jos suka yi kansa da duwatsu, sai da Turawa suka sa shi a mota. Oga ya tambaye ni me ya faru, na ce danne mu aka yi. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma har yau ban ƙara komai a kai ba.

Sule ya yi wata biyar a kwance, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Ni nake juya shi, ni nake masa wanka, ni nake ba shi kunu a baki. Mutane suna ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin aboki irina ba. Wata rana da hantsi ina goge masa baya, bai ko kalle ni ba ya ce, “Na ji lokacin da ka sauka.” Na tsaya da tsumma a hannu. Sai ya ce in ba shi ruwa, na ba shi. Bai sake tayar da maganar ba, bai gaya wa kowa ba har ya rasu. Bayan shekara biyu mahaifinsa da kansa ya ba ni ƙanwarsa Hauwa, ya ce na maye masa gurbin ɗansa. Ita ce matata har yanzu, a unguwar Congo-Russia muke, 'ya'ya da jikoki sun cika gida, ɗanmu na fari sunan Sule ne da shi.

Labarin Lasisi kuwa ina jinsa daga nesa. An laƙaba masa Mai-karya-wuya, sunan ya bi shi tasha, ya daina shigowa Jos da mota shekaru da yawa. Na ɗauka ma ya daɗe da mutuwa. Makon jiya sai ga wani dattijo ya yi sallama, wai ɗansa ne, babansa yana nemana. Na je Bukuru. Na tarar da shi a tabarma, idonsa ya tafi, wannan ƙaton ya koma ƙashi da fata. Ya laluba ya kama hannuna ya ce da Hausarsa ta Bayarabe, “Alhaji, duk sun mutu, ni da kai ya rage. Ranan nan na tura da fushi, ni na sani, Allah ma ya sani. Ka kai ni wurin matanka, in roƙe shi gafara kafin in tafi.” Ɗan nasa ya ce tun suna yara ba su taɓa ganin ya yarda ya ja salla ba ko a cikin gida, wai mai jini a wuya ba ya shiga gaba. Ni kuwa shekara ashirin ina jan salla a masallacin layinmu in liman ba ya nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba. Ban yi kuka ba, gabana bai faɗi ba, na ce masa to, Allah Ya kai mu Juma'a. Na hau mota na dawo, na ci tuwo, na yi barcin rana. Tun ranar nake laluba zuciyata ko zan samu nadama ko kunya, sai in ji wurin shiru kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ban sani ba ko tsufa ne, ko kuwa na daɗe da mutuwa ta ciki ban lura ba.

Na gaya wa Hauwa zai zo. Ta ce sama da shekara sittin tana kai ƙarar mutumin nan wurin Allah, amma tunda ya nema za ta saurare shi. Har ta sa an wanke babbar darduma. Jiya da yamma ta ce mini, “Malam, in ya zo ka zauna kusa da ni, ba zan iya kallonsa ni kaɗai ba. Kai ne ka san abin da Yaya ya sha.”

Jama'a, yau Laraba. In na buɗe baki, matar nan mai hawan jini za ta san da wa ta zauna duk rayuwarta, kuma ba ta da sauran lokacin da za ta yi wani abu da wannan sanin. In na yi shiru, makaho zai durƙusa a tsakar gidana ya nemi gafarar abin da ni na aikata, ina zaune a gefe a matsayin shaida. Kada ku ce mini in yi istigfari kawai, na yi har na daina ƙirgawa. Ku gaya mini abin da zan yi jibi in ɗansa ya riƙo hannunsa suka yi sallama a ƙofa. In bar shi ya durƙusa, ko in riga shi?