Agogo ya kai ƙarata wurin maigida

Laraba da dare, Jega

Agogon hannun da maigida ya sayo mini ya tona ni yau. Yana auna bugun zuciyata, ya aika wa wayarsa. Da la'asar ya kira daga kasuwar albasa ta Aliero: "Amarya, waya ta ce kina cikin damuwa. Mi as same ki?" Na ce ba komi, littafin da nake karantawa ne.

Ƙarya na yi. Dakan maƙwabta na ji, sai na tuna garinmu Danwarai. Daga ƙarar taɓaryata Inna take gane raina ba daɗi. Ba ta tambaya, sai ta ɗauko tata mu yi lugude har in yi dariya.

Bawan Allah, da tsire ya dawo, yana lallashin abin da bai sani ba. Gobe zan faɗa masa gaskiya, ya bar ni in je gida ko kwana biyu.