Kofi Takwas a Tankin Rodica

Brăila, 15 ga Janairu

Ɗana Horia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Norway bai cinye maka kunnuwa ba. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, ka san yatsuna da waya ba sa ga maciji.

Maganar murjanin Rodica ce, koren tsiron tekun nan mai rassa da ta raina a tankin kifi tun bai fi ɗan yatsa ba. Kwana biyar ke nan bai buɗe ba, fari na cin sa daga gindi. Na bi littafin da ta bari layi-layi: zafi ashirin da biyar, gishiri daidai, fitila awa tara. Kifayen lafiyarsu ƙalau, sai ci kamar gara. Dodon-koɗi uku ne suka mutu.

Ka bar mini tankin ne don ka yarda da ni, kuma cikin duk abin da 'yata ta bari a duniya, wannan murjani kaɗai ke da rai. Tsoro nake ji. Faɗa mini abin yi.

Ka huta lafiya,
surukarka Tudora

Bergen, 16 ga Janairu

Mama, barka da gida.

In dodon-koɗi na mutuwa kifi na yawo, guba ce, kuma galibi tagulla. Ɗan abin da ido ba ya gani ma ya isa ya kashe murjani. Ki duba ko kwabo ko ƙusa ta faɗa ciki. Ki canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan yau ɗin nan, ki sa sabon gawayi a cikin matatar ruwan.

Amma na san mai laifin. Zamfir ne mai shagon kifi, wanda muke sayen tataccen ruwa a wurinsa. Tun bara nake zargin injinsa. Na kira shi na wanke shi tas, gobe kuma zan tona shi a zauren masu tanki na intanet, kowa ya san halinsa. Ke kam ba ruwanki, ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Horia

Brăila, 17 ga Janairu

Ɗana,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Kada ka rubuta komai a kan Zamfir. Ni ce.

Ranar Boboteaza, idin tsarkake ruwa, na ɗebo ruwan albarka daga coci a butar tagulla ta mahaifiyata, yadda muka saba kowace shekara. Ka san kwana takwas ake shan sa, kowace safiya kafin a sa komai a baki. Kullum in na sha, sai in zuba wa tankin kofi ɗaya. Ina sane da wannan sa'ad da nake jera maka zafi da gishiri kamar wata likita. Na yi shiru ne, ina fatan ka gano wani dalili daban.

Ga abin da ya kai ni. Lokacin da Rodica ke asibiti na ba ka kwalbar wannan ruwa, ka dawo ka ce ta ƙi sha. Shekara biyu abin yana cina a rai. Sai na ce tunda ita ta ƙi, bari in ba abinta.

Yau na ɗauki butar zuwa shagon Zamfir. Mutane cike, na faɗi komai a gabansu. Ya leƙa ciki, ya ga koren tsatsa, ya ce, "Gwaggo Tudora, wannan ai ko kada ne ya sha, sai ya kwanta jinya."

Na ce, "Yi dariyarka, ni na jawo."

Ya ce, "Dariyar me? Wuce mu je."

Mutumin da ka zaga jiya ya rufe shagonsa da rana tsaka ya biyo ni gidanka. Reshe ɗaya ya samu da sauran rai, bai fi farce ba, ya yanke ya tafi da shi tankinsa. Sauran ya mutu, ɗana. Reshen kuma, ya ce sai nan da mako biyu za a san makomarsa.

Na kai shekara saba'in da ɗaya ban taɓa jin kunya irin wannan ba. In ka ce in bar makullin gidanka wurin maƙwabta, zan bari, ba zan ce uffan ba.

Allah ya tsare ka,
Tudora

Bergen, 20 ga Janairu

Mama,

Ina gaisuwa. Na ba Zamfir haƙuri. Ya ce reshen bai buɗe ba, bai kuma mutu ba.

Ki riƙe makullin. Kwana uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa. Rodica ba ta ƙi ruwanki ba, ba ta ma san kin aiko ba. A lokacin fushi nake da Allah da coci da kowa, sai na tsiyaye shi a wurin wanke hannu na asibiti, na zo na dubi idonki na ce ta ƙi. Da na kai mata, da ba ki zuba wa tankin ko ɗigo ba.

Ranar Asabar zan iso. In kin yarda, mu je mu duba reshen tare. In kuma ba ki son ganina, na fahimta.

Ɗanki, in har yanzu kin yarda,
Horia